Yadda Muka Zaɓi Rumbun Ajiye Tarihin Manhajarmu a Tawa

Kuskuren lissafin dala da faran ne ya kai mu ga wannan magana. Mu bakwai ne muke rubuta wata ƴar manhaja ta wayar hannu domin ƙungiyoyin manoman albasa na wajen Galmi da Madawa: huɗu a nan Tawa, biyu a Yamai, ɗaya a Galmi. Aikinta ta riƙe wa sakataren ƙungiya lissafin wanda ya karɓi iri ko taki bashi, buhu nawa ya kai rudu, nawa aka sayar wa ƴan kasuwa. Ba mai biyan mu. Tun farko muka yarda tushenta a buɗe zai kasance, kowa ya duba, ya gyara, ya ɗauka ya yi amfani.

Manomi a nan da dala yake lissafi. Dala ɗaya faran biyar ce, jika kuwa dala 200, wato faran 1000 na sefa. Manhajar da faran take ajiye kuɗi, sai ta mayar da shi dala idan za ta nuna. A shafi ɗaya an manta da rabawa biyar, sai bashin jika goma ya fito dala 10,000, wato jika hamsin. Ƙaramarmu, ɗaliba ce a jami'a, ita ta gano, ta gyara, ta dunƙule fayilolin ta tura a zaurenmu na WhatsApp kamar yadda muka saba. Bayan kwana biyu wani daga cikinmu ya gama nasa aikin a kan tsohon kwafin da ke kwamfutarsa, ya turo da sunan "na ƙarshe". Shi aka zuba a wayar sakatare. Ranar taro aka karanta wa wani dattijo bashin da bai ci ba a gaban jama'a. An gyara takarda daga baya, an ba shi haƙuri, amma wanda ya san ƙauye ya san abin da aka taɓa ya fi kuɗi.

Daren nan a fada, shayi na kan wuta, babu mai son ɗaga ido. Mushe, wanda ya koyar da uku daga cikinmu lissafi a lise kuma shi ne babba a tafiyar, ya ce: "Ku bar neman mai laifi. Yaron nan bai ɓata komai da gangan ba, hanyarku ce ba ta da ƙofa. Ku nemo inda za a riƙa ajiye aikin nan da tarihinsa."

Abin da yake nufi shi ne tsarin kula da sauye-sauyen rubutun manhaja. Mu rumbu muke ce masa. Duk gyaran da mutum ya yi ana ajiye shi da sunansa, da lokaci, da dalilin da ya rubuta. Ana iya komawa yadda aikin yake makon jiya. Idan mutum biyu suka taɓa wurare dabam, tsarin ya haɗe aikinsu. Idan layi ɗaya suka taɓa, ya tsaya ya ce ku sasanta. Da muna da shi, tsohon kwafi ba zai hau kan gyaran yarinyar nan a ɓoye ba.

Halin da muke ciki

Kafin mu kira sunan kowane tsari, sai da muka zauna muka faɗa wa juna gaskiyar yadda muke aiki. Babban abu shi ne rezo da wuta. Wanda yake Nijar a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, har zuwa farkon 2024, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ko babu takunkumi, lokacin zafi wuta ba ta zama. Abokinmu na Galmi kan yi aiki da daddare da batirin kwamfuta, sai da safe ya nemi inda rezo ke kamawa. Forfe kuma daga aljihun kowa yake fita. Tsarin da zai ce sai da intanet za ka ajiye aikinka, ba namu ba ne.

Sannan akwai murya. Da yawa daga cikin masu amfani da manhajar ba sa karanta boko, don haka kowane maɓalli yana da sautin da ke faɗar aikinsa da Hausa, muna kuma fatan ƙara Zabarmanci da Tamajak. Waɗannan fayiloli masu nauyi ne, ba kamar rubutu ba.

Abu na uku shi ne baƙo. Buɗe tushe ba shi da amfani idan wani a Maraɗi ko Kano ko Dakar ya ga kuskure amma ya rasa ta inda zai miƙo gyara.

Sharaɗi ɗaya ne ba mu yi gardama a kansa ba: ba za mu ɗora aikinmu a kan abin da wani kamfani ke iya janyewa ba. Tarihin fannin kansa ya isa wa'azi. Masu rubuta zuciyar Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta mai buɗaɗɗen tushe, sun yi amfani da wani rumbu mai suna BitKeeper tun 2002, kayan kamfani ne da aka ba su kyauta bisa sharaɗi. A watan Afrilu na 2005 aka janye kyautar. A cikin wannan watan Linus Torvalds ya fara rubuta Git, a cikinsa kuma aka sanar da Mercurial. Duk biyun daga wannan ƙunci suka fito.

Huɗu muka gwada, Subversion, Mercurial, Fossil da Git, kowanne a kan kwafin aikinmu na gaske, ba a kan misalin littafi ba.

Subversion da Mercurial

Mushe Subversion ya sani, kuma ya kare shi da hujja. An fara shi a 2000 don ya gaji wani tsohon tsari mai suna CVS, sigar 1.0 ta fito a 2004, yanzu yana hannun gidauniyar Apache. Rumbu ɗaya ne a kwamfutar tsakiya, kowa ya je ya ɗebo, ya mayar. Lambobinsa a jere suke, gyara na 41, na 42, ana iya faɗar su ta waya ba tare da kuskure ba. Mutum na iya ɗauko ɓangaren da yake so kawai ya bar sauran, yana kuma iya kulle fayil ya ce ina kansa, kada a taɓa. Ga fayilolin murya, waɗannan biyun alheri ne babba, kuma har yau ban ga wanda ya fi shi a wannan gefen ba cikin huɗun.

Kwana uku ya yi a hannunmu. Kwamfutar tsakiyar tana ɗakin abokinmu a Yamai. Ranar da wuta ta ɗauke a unguwarsu tun azahar, mu shida muka zauna da gyare-gyare a hannu babu inda za mu ajiye, ko tarihin baya ba mu iya dubawa. Mushe da kansa ya ce a wuce wurin.

Mercurial bai ba mu wahala ba ko kaɗan. Kowa yana da cikakken tarihi a kwamfutarsa, umarninsa kaɗan ne kuma suna yin abin da sunansu ya ce. Matsalarsa masauki da jama'a. Bitbucket, shafin intanet mai ajiye rumbuna wanda shi ne babban gidansa, ya daina karɓarsa a watan Yuli na 2020. Masu harshen rubuta manhaja na Python sun bar shi sun koma GitHub, masaukin rumbunan Git a intanet, a 2017, Mozilla ma ta sanar a ƙarshen 2023 cewa burauzarta Firefox za ta koma Git. Kayan aiki ne mai kyau da kasuwarsa ke watsewa, muka bar shi ba tare da jayayya ba.

Fossil, wanda zuciyata ta so

A nan ne aka yi gardamar gaske, kuma ni ne na tsaya wa Fossil. Richard Hipp, mai SQLite, wata ƙaramar manhajar ajiye bayanai, shi ya rubuta shi don kula da aikin SQLite ɗin. Fayil guda ne za ka sauke, babu wani girke-girke. Rumbun gaba ɗaya shi ma fayil guda ne, kana iya kwafe shi a katin memori kamar hoto. Abin da ya fi kama ni shi ne ba tarihin rubutu kaɗai yake ɗauka ba: rahoton kurakurai, shafukan bayani da dandalin tattaunawa duk suna cikin rumbun, suna bin ka duk inda ka kai shi.

Na nuna musu a fada, na kashe intanet ɗin wayata da gangan, na buga fossil ui. Shafi ya buɗe a burauza da zanen rassan aikinmu, kowane gyara da sunan mai shi. Na rubuta rahoton kuskure a wurin, babu rezo, na ce gobe idan an haɗu da intanet zai isa wa kowa. Na Galmi ya karɓi kwamfutar ya daɗe yana dubawa, ya ce wannan kamar don shi aka yi. Ga kuma wata ɗabi'a tasa da ta dace da abin da ya same mu: Fossil ba ya son a goge tarihi. Abin da ya faru ya faru, sai dai a ƙara gyara a kansa.

Ƙaramarmu ce ta karya ni. Ta bari na gama, sannan ta ce: "Yaya, ban ƙi maganarka ba. Amma idan wani ya zo daga waje da gyaran layi ɗaya, za mu ce ya fara koyon sabon abu kafin mu karɓa? Ni kuma idan na gama karatu na je neman aiki, Git za a tambaye ni."

Na ce ai Fossil na iya fitar da kwafinsa zuwa Git, SQLite ma haka take yi. Ta ce ta duba, hanyar tafiya ce babu dawowa: baƙo zai ga aikin a can, amma gyaransa sai wani cikinmu ya ɗauko da hannu ya shigar. Wa zai riƙa yi, alhali dukkanmu da dare muke wannan aiki bayan neman abinci? Na Yamai ya ƙara da cewa ranar da za mu kai manhajar F-Droid, shagon manhajojin Android masu buɗaɗɗen tushe, daga rumbun Git suke ɗauka kai tsaye, haka ma Weblate, shafin fassara manhajoji, da muke so masu fassara su yi amfani da shi. Masu Fossil da kansu ba su ɓoye ba cewa sun gina shi ne don ƙaramin rukuni da suka san juna. Mu ƙaramin rukuni ne, gaskiya, amma ba haka muke so mu tsaya ba. Mu bakwai ba za mu iya Tamajak da Fulatanci ba, kuma ɗalibai kan gama su tafi.

Ban ji daɗi ba, kuma har yanzu ina ganin da a ce aikin na cikin gida ne, na ofis ɗaya ko makaranta ɗaya, Fossil zan ce a ɗauka ba tare da waiwaye ba. Amma hujjarta ta fi tawa. Muka ɗauki Git.

Abin da Git ya ci mana

Makonnin farko sun yi tsauri. Git ba ya lissafa gyara da ɗaya, biyu, uku. Kowanne yana da suna mai haruffa da lambobi 40, mukan karanta bakwai na farko ta waya, a maimaita sau biyu. Matakin nan na ware abin da za a ajiye kafin a ajiye shi ya rikita kusan kowa: mutum ya yi gyara, ya ce ya ajiye, ashe bai saka fayil ɗin a layi ba. Sau ɗaya wani ya tura aikinsa da ƙarfi ya share na kwana biyu a babban reshe, wato layin aikin da kowa ke ɗora nasa a kai. An dawo da shi cikin minti kaɗan domin cikakken tarihin yana kwamfutar mutum uku, amma ranar muka kulle babban reshe: ba mai zuba komai a ciki sai wani ya karanta ya amince.

Haruffanmu ma sun sha tambaya. Fayil mai suna ƙungiya sai ya fito a allo da \306\231 a madadin ƙ, na Galmi ya ɗauka ya lalace. Lafiyarsa lau; Git ne ke rufe duk harafin da ba na Turanci ba a sunan fayil sai an kashe saitin core.quotepath. Mun kashe, amma mun kuma yarda sunayen fayiloli su zauna babu ƙugiya, rubutun ciki kuwa da bayanin kowane gyara a yi su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ yadda ya kamata. Bayanin gyara da Hausa ko Faransanci, wanda ya fi wa mutum sauƙi, muddin ya faɗi dalili ba abin da ya taɓa kaɗai ba.

Babban kuskurenmu murya ce. A watan farko muka zuba sautukan cikin rumbu yadda aka ɗauke su, ba a matse ba. Git ba ya mantuwa: duk lokacin da aka sake ɗaukar wata kalma don ta farko ba ta fita da kyau ba, tsohuwar tana nan a tarihi, kuma duk mai ɗauko rumbun sai ya ɗauko su duka. Ga wani abu da ba kowa ke faɗa maka ba: idan rezo ya yanke kana tsakiyar ɗauko rumbu karon farko, Git ba ya ci gaba daga inda ya tsaya, daga farko za ka koma. Wani ɗalibi da ya so shiga aikin ya gwada sau uku, forfensa ya ƙare, bai samu komai ba. Wannan shi ne baƙon da muka ce saboda shi muka zaɓi Git, ga shi mun tare masa ƙofa da kanmu.

Mun duba Git LFS, ƙarin da GitHub ya fitar a 2015 don manyan fayiloli. Yana rage nauyi, amma yana mayar da kai ga dogaro da kwamfutar tsakiya, abin da muka guje wa tun farko. Sai muka yi mai wuyar sau ɗaya: muka tsame sautukan daga tarihin gaba ɗaya, kowa ya sake ɗauko rumbu sabo. Yanzu sautukan asali suna ajiye dabam a wuri biyu, a Tawa da Yamai. A cikin rumbu akwai takarda ɗaya mai jerin sunan kowane sauti, da jimlar da aka faɗa, da lambar tantancewarsa ta SHA-256, don a san ba a musanya shi ba. Waɗanda aka matse da Opus, wani tsarin rage nauyin sauti, su ake haɗawa da manhaja lokacin fitarwa. Rumbun ya koma abin da ake ɗaukowa kafin shayi na biyu ya nuna. A wannan gefen dai maganar Mushe ta tabbata, Subversion ba zai sa mu wannan aiki ba.

Abin da ya biya mu wahalar shi ne git bundle. Umarni ne da ke dunƙule gyare-gyaren da mutum ya yi cikin fayil guda. Na Galmi yakan yi aikin mako babu intanet, ya dunƙule, ya turo ta WhatsApp ɗin nan dai da ta jawo mana abin kunya. Fayil ɗin bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Bambancin shi ne wannan dunƙulen ya san daga inda ya taso. Idan mai karɓa ba shi da gyare-gyaren da aka gina shi a kansu, Git ya ƙi karɓa ya faɗi abin da ya ɓace. Idan kuma an yi shi a kan tsohon kwafi, ba ya hawa kan sabo, haɗe su ake yi a ga inda suka yi karo. Lokacin da rezo ya yi kwanaki ba ya ɗaukar komai a wajensu, katin memori ya saka a ambulan ya ba direba a tasha, na karɓa da la'asar.

Masauki

Sai da muka yi nisa muka gane tambaya biyu ce muka haɗa wuri ɗaya. Git kayan aiki ne, lasisinsa GPL ne, na buɗaɗɗen tushe, ba mai ƙwace shi. GitHub kuwa kamfani ne, an kafa shi a 2008, Microsoft ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5 na Amurka. Masaukai suna rufewa: Google Code ya tafi a 2016, mun kuma ga abin da ya sami masu Mercurial a Bitbucket. A 2019 GitHub ya taƙaita asusun mutanen Iran, Siriya da Kirimiya saboda dokokin takunkumin Amurka. Ba a yi wa Nijar haka ba, amma mutanen da suka kwana cikin duhu saboda takunkumi ba za su ji wannan labari su wuce ba.

Na Yamai ya so mu tare gaba ɗaya a Codeberg, wanda wata ƙungiya mai zaman kanta a Jamus ke riƙe da shi, ko Framagit na ƙungiyar Framasoft a Faransa. Ƙaramarmu ta ce mutanen da muke nema suna GitHub, can suke da asusu. Wannan karon ba a kayar da kowa ba, domin Git bai damu da masauki nawa kake da su ba. Ƙofar baƙi tana GitHub. Duk abin da ya shiga babban reshe ana tura shi Codeberg ma. Farkon kowane wata ina dunƙule rumbun gaba ɗaya in sa a kati, Mushe ya ajiye a gidansa.

Bayan wata biyar, gyara uku suka zo daga mutanen da ba mu taɓa gani ba. Biyu ƙanana ne, kuskuren rubutu. Na ukun daga wata ce da ta lura manhajar na rufewa a tsofaffin wayoyin da ba su da wadataccen wuri, irin waɗanda sakatarorin ƙauye ke riƙewa, ta kuma turo maganin. Ƙaramarmu ta karanta, ta gwada a wayar mahaifiyarta, ta shigar. Lissafin dala kuwa yanzu yana da gwaji na kansa: duk wanda ya turo gyara, sai na'ura ta tabbatar faran 10,000 ya fito dala 2000 kafin a karɓa.

Ramin da ya rage shi ne wanda na nuna tun a fada. Rahoton kurakurai da muhawarar da ake yi a kan kowane gyara ba sa cikin rumbun Git, suna shafin GitHub. Ba sa shiga dunƙulen da nake kai wa Mushe, na Galmi kuma ba ya ganin su sai ya sami rezo. Abin da muke yi a yanzu shi ne duk shawarar da aka yanke mai nauyi, a rubuta ta a wata takarda cikin rumbu, da dalilinta da ranarta. Ba kullum ake tunawa ba. Makon jiya ya kira ni yana tambayar me ya sa aka canza yadda ake rubuta nauyin buhu, na duba takardar babu, sai da na buɗe shafin na karanta masa muhawarar ta waya. Mun sa maganar a taron wata mai zuwa, bayan an gama kwasar albasa.